Tikitin Hawa Dutse: Wa Ke Karɓar Kuɗi, Wa Ke Ɗaukar Asara a Tsaunukan Dolomite?

A watan Yulin 2025, wasu manoma a arewacin Italiya suka kafa ƙofar ƙarfe mai juyawa, irin ta mashigar filin ƙwallo, a tsakiyar makiyaya a kan dutsen Seceda da ke tsaunukan Dolomite, wajen mita 2,500 sama da teku. Babu gini a wurin, babu katanga. Ciyawa ce kore shar ta ko'ina, sai 'yar siririyar hanyar ƙafa da ta ratsa ta, sai ƙofar nan a tsaye da sanarwar cewa mai son wucewa ya biya Yuro 5. Yara da mazauna yankin ba sa biya. Kafin ka ce kwabo maganar ta cika jaridun Turai. Wasu suka ce haɗama ce kawai, ai ba a sayar da kallon dutse. Manoman kuma suka ce filin nasu ne na gado, a nan suke yankar ciyawar da shanunsu ke ci idan hunturu ya rufe ko'ina, ga shi dubban baƙi na tattake ta kullum, suna zama a kanta, suna barin shara, kuma kukan da suka daɗe suna kai wa hukuma bai haifar da ɗa mai ido ba.

Akwai abin da hayaniyar ta danne. Galibin waɗanda suka iso bakin wannan ƙofa sun riga sun biya wajen Yuro 50 a garin Ortisei da ke ƙasa, kuɗin motar igiya, wato ɗan ɗakin da ke rataye a igiyar ƙarfe, da ta hau da su cikin 'yan mintoci, kuma za ta sauko da su. Babu wanda ya ɗaga murya a kan hamsin ɗin. Biyar ɗin manomi ce ta zama abin faɗa. Don a gane dalilin haka sai an koma hunturu, domin a can aka gina duk wannan harka, kuma a can tikiti ya samo asali.

Mai zamiyar ƙanƙara yana ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya gangaro daga saman dutse a kan dusar ƙanƙara. Gangarowar ba ta wuce 'yan mintoci, amma hawa da ƙafa sai ya ci awa guda ko fiye, ga nauyin kaya, ga sanyi. Saboda haka abin da ake sayarwa a waɗannan wurare shi ne hawan. An kafa turakun ƙarfe daga gindin dutse zuwa samansa, an ja igiyar ƙarfe mai kauri a kansu, an rataya mata kujeru ko wasu ƙananan ɗakuna masu gilashi, inji yana juya igiyar ba tsayawa. Mutum ya hau, ya gangaro, ya sake hawa, tun safe har la'asar. Tikitin yini shi ne izinin wannan hawa da sauka.

Tsaunukan Dolomite wani yanki ne na tsaunukan Alps, sun ratsa larduna irin su Kudancin Tirol da Trento da Belluno. Kudancin Tirol ƙasar Ostiriya ce har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yau mafi yawan mutanenta Jamusanci suke yi. A cikin kwarurukan da suka kewaye dutsen Sella kuma akwai wata ƙaramar al'umma mai harshenta na daban, Ladin, waɗanda ba su fi dubu talatin da 'yan kai ba. Kafin zuwan baƙi, talakawa ne ƙwarai. Ƙasar tudu ce, lokacin noma gajere ne, hunturu dogo. Mutanen kwarin Gardena da sassaƙar itace suka riƙa cike giɓi, suna yin gumakan coci da kayan wasan yara suna kai wa kasuwannin Turai, wasu kwaruruka kuma samarinsu ci-rani suke tafiya. Duk wanda zai soki harkar zamiya a wannan yanki, adalci ne ya fara da amincewa cewa ita ta fitar da jama'ar daga wannan hali. Garin Cortina d'Ampezzo ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1956, kwarin Gardena ya karɓi gasar zamiya ta duniya a 1970, daga nan otal-otal suka fara tsirowa a inda a da rumbunan ciyawa ne.

A 1974 masu motocin igiya na yankin suka yi wata dabara da ta sauya komai. Maimakon kowane kamfani ya sayar da nasa tikiti a bakin tasa mota, sai suka haɗa kai a ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, Dolomiti Superski, suka fitar da tikiti guda mai aiki ko'ina. A yau wannan tikiti yana buɗe yankuna 12, da hanyoyin zamiya masu tsawon kilomita 1,200, da motocin igiya wajen 450, mallakar kamfanoni fiye da ɗari, waɗanda da yawansu na iyalan yankin ne ko na haɗin gwiwar 'yan gari. Shahararriyar hanyarsu ita ce Sellaronda, zagayen dutsen Sella na kimanin kilomita 40 idan aka haɗa da hawa, wanda ke ratsa mashigai huɗu da larduna uku a yini guda. Mai bin hannun agogo yana bin alamomi ruwan lemo, mai bin akasin haka yana bin kore.

Tikitin kansa wani ɗan kati ne da ake sa wa a aljihun hannun riga. Mutum ya matso kusa da ƙofa, na'ura ta karanta katin ta cikin tufa, ta yi 'yar ƙara, ƙarfen ya juya, ya wuce, ko safar hannu bai cire ba. Wannan 'yar ƙarar lissafi ce. Kowace wucewa ana ƙirga ta, kuma idan an zo rabon kuɗin da aka tara, gwargwadon hawan da aka ƙirga a motocin kowane kamfani ake ba shi. Tsari ne mai kyau, ya hana rigima tsakanin maƙwabta shekara hamsin. Sai dai yana da abin da yake haifarwa. Tunda rabonka ya dogara ga yawan kawunan da ka ɗauka, dole ka so motarka ta fi ta maƙwabcinka girma da sauri da ɗumi. Kujerar mutum biyu ta zama ta huɗu, ta huɗu ta zama ta takwas mai murfi. Kowace sabuwar mota miliyoyin Yuro take ci, yawanci da bashin banki, bashin kuma sai an sami ƙarin kawuna ake iya biyansa. Babu wani wuri a cikin wannan lissafi da ke saka wa kamfanin da ya ce mutanen da yake ɗauka sun isa haka.

Farashin tikitin yini na babba, a lokacin da kasuwa ta fi cika, ya kai Yuro 80 a hunturun 2023 zuwa 2024, kuma bai tsaya nan ba. Miji da mata da yara biyu, idan aka haɗa hayar alluna da takalma da abinci da wurin kwana, da inshorar da doka ta wajabta wa kowane mai zamiya a Italiya tun daga 2022, mako guda zai iya cinye abin da ya fi albashin wata na ma'aikaci matsakaici. 'Yan Italiya da yawa suna ganin wasan da iyayensu suka yi da kuɗin aljihu ya fi ƙarfinsu yanzu. Abu ne mai sauƙi a ɗora laifin a kan son kuɗin kamfanoni, kuma ba za a rasa wannan a ciki ba. Amma babban dalilin yana ƙarƙashin ƙafar mai zamiyar: dusar da yake takawa, mafi yawanta ba daga sama ta sauko ba.

A ƙarshen shekarun 1980 an yi hunturu a jere da ƙanƙara ta ƙi sauka a kudancin Alps. Duwatsu suka tsaya jajur har watan Janairu, otal-otal suka zauna babu kowa. Daga wannan tsoro ne masana'antar ƙanƙarar inji ta yi ƙarfi, kuma ba banza ba ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙera waɗannan injuna a duniya, TechnoAlpin, yake birnin Bolzano, inda aka kafa shi a 1990. Aikin na dare ne. Cikin Nuwamba, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri biyu ko uku, sai a kunna injunan da aka jera a gefen hanyoyin zamiya, kowanne kamar babbar ganga mai fanka a ciki. Suna fesa ruwa gauraye da matsattsiyar iska, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa, ya taru tsibi-tsibi. Sai manyan motoci masu sarƙa irin ta katafila su bi su baje shi, su danne, su bar shi da zane-zane kafin gari ya waye. Wanda ya zo da safe zai ga farar hanya sumul tana gangarowa, wani lokaci dama da hagunta busasshiyar ciyawa ce.

Ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 90 cikin ɗari na hanyoyin zamiya a Italiya sun dogara da wannan ƙanƙara ta inji, alhali a Ostiriya kashi 70 ne, a Suwizalan kusan rabi. Rufe hekta guda da kaurin santimita 30 yana cin ruwa wajen lita miliyan ɗaya, kuma wannan shimfiɗar farko ce kawai. Ruwan kuma ana buƙatarsa da yawa cikin 'yan darare, domin daren sanyi yana ƙara ƙaranci, shi ya sa ake haƙa tafkuna a saman duwatsu, a shimfiɗa musu leda, a binne bututu da wayoyin lantarki a ƙarƙashin makiyaya. Masu kamfanoni suna cewa aron ruwan suke yi, idan ƙanƙara ta narke zai koma rafi. Akwai gaskiya a ciki. Amma ana ɗibarsa ne a lokacin da rafuka suka fi ƙafewa, wani kaso yana bin iska, kuma dajin da aka sare don tafki ba ya dawowa da narkewar ƙanƙara. Duk wannan, da famfo da wuta da man katafila, yana cikin Yuro 80 ɗin nan. Lokacin da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2022, kai tsaye ya bayyana a tikiti. Kafin nan kuma annobar korona ta sa an rufe motocin igiyar Italiya ga jama'a duk hunturun 2020 zuwa 2021, kamfanoni suka wayi gari da bashi babu ciniki.

Wannan fargaba ta rashin tabbas ita ce ta haifar da salon da Amurkawa suka fito da shi, wanda yanzu yake shigowa Turai. A 2008 kamfanin Vail Resorts na jihar Colorado ya fitar da tikitin kakar hunturu gaba ɗaya mai suna Epic Pass a kan Dala 579, ƙasa da rabin abin da ake biya a da, da sharaɗin a saya tun kafin ƙanƙara ta fara sauka. A lokaci guda ya riƙa ɗaga tikitin yini, har ya haura Dala 300 a manyan wurarensa ranakun hutu. Manufar a fili take. Tikitin yini an tsawwala shi ne don a kora mutane zuwa ga na shekara, na shekarar kuma kuɗinsa yana shiga asusun kamfani tun lokacin zafi. Idan hunturu ya yi kyau, kowa ya ji daɗi. Idan ƙanƙara ta ƙi sauka, mai tikiti ne ya yi asara, kamfani ya riga ya karɓa. An ɗauke haɗarin yanayi daga wuyan kamfani an rataya wa abokin ciniki, shi kuma ya yarda saboda rangwame. Wanda tsarin ya fi cuta shi ne sabon shiga da ke son ya gwada yini ɗaya ya gani, da iyalin da ba su da dubban Daloli a ajiye tun watan Afrilu.

Don tikitin shekara ya yi armashi sai an tara wurare da yawa a cikinsa, saboda haka Vail ya shiga saye. Ya sayi wurin zamiya na Park City a Amurka a 2014, Whistler Blackcomb ta Kanada a 2016, kaso 55 cikin ɗari na Andermatt-Sedrun a Suwizalan a 2022, sannan Crans-Montana a 2024. Abokin hamayyarsa Alterra ya fito da nasa, Ikon Pass, a 2018, kuma tun 2021 masu wannan tikiti suna da wasu kwanaki a Dolomiti Superski, abin da ya ƙara yawan Amurkawa a kwarurukan Ladin. Abin da ya faru a Park City a ƙarshen Disambar 2024 ya nuna ɗayan gefen wannan salo. Ma'aikatan ceto da tsaron hanyoyin zamiya su wajen 200 suka shiga yajin aiki na kusan mako biyu, suna neman a ɗaga mafi ƙarancin albashinsu daga Dala 21 zuwa 23 a awa, a garin da hayar ɗaki ta fi ƙarfinsu. Mafi yawan hanyoyi suka kasance a rufe, baƙin da suka riga suka biya suka yi ta tsayuwa a layi. A ganina babbar garkuwar Dolomite har yanzu ita ce motocin igiyarta suna hannun mutanen da ke kwana a kwarin, waɗanda maƙwabci zai iya tare su a bakin coci ya faɗa musu magana. Ranar da mallakar ta koma hannun masu hannun jari a wata nahiya, wannan hanya ta toshe.

To, kamfanin da ya ci bashi ya kafa mota ta miliyoyi, kuma hunturunsa yana gajarcewa, me zai yi? Zai juya ta a lokacin zafi. Nan ne zancen zamiya ya haɗu da zancen wuraren kallo. A 2009 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Dolomite cikin wuraren gado na duniya, saboda kyawunsu da kuma tarihin da ke cikin duwatsun, waɗanda asalinsu murjani ne a ƙarƙashin teku kimanin shekaru miliyan 250 da suka wuce. Ba a daɗe ba Instagram ya zo. Wasu wurare 'yan ƙalilan suka zama dole ga duk mai waya: ƙwanƙolin Seceda mai kama da haƙoran zarto, tafkin Braies mai koren ruwa, duwatsu uku na Tre Cime, da 'yar cocin da ke kwarin Funes. Dutsen da a da sai mai juriya ya yi awoyi yana hawa, yanzu mai takalmin gida yana isa cikin kwata na awa, ya ɗauki hoto, ya sauko.

Ban ga laifin baƙon ba. Wanda ya tara kuɗi ya taso daga Koriya ko Indiya ko Brazil don ya ga abin da Allah Ya halitta bai yi wa kowa laifi ba, kuma tsoho ko mai lalurar ƙafa da motar igiya ta kai shi inda bai taɓa zaton zai je ba, alheri ne. Matsalar tana wajen rabon. Kamfanin mota ya karɓi kuɗin hawa, mai otal ya karɓi na kwana, mai abinci ya karɓi nasa, hukuma ta karɓi harajin baƙi. Kyan da duk suke sayarwa kuwa, koren filin nan da ke gaban dutsen, ba haka kawai ya samu ba. Ƙarni bayan ƙarni na yankan ciyawa da kiwo ne ya hana daji rufe shi. Ranar da manomi ya daina yanka, cikin 'yan shekaru ƙananan itatuwa za su cinye wurin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gaskiya ne manoma da yawa suna samun diyya idan hanyar zamiya ta ratsa filinsu, wasu suna aiki a motocin da hunturu, wasu suna ba da hayar ɗakuna, kuma akwai tallafin gwamnati ga noman tudu. Amma diyyar hunturu an tsara ta ne don lokacin da ciyawa ke kwance a ƙarƙashin ƙanƙara. Ba a yi ta don dubban ƙafafu a watan Yuli ba, lokacin da ciyawar take tsaye tana jiran lauje.

Akwai kuma asarar da ba a gani a hoto. Yawan mutanen Cortina ya sauka daga sama da 8,000 a 1971 zuwa ƙasa da 6,000 a yau, alhali gidaje ƙaruwa suka yi. Da yawansu na attajiran Milan da Rum ne da ke zuwa makonni kaɗan a shekara, sauran lokaci tagogi a rufe. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da mai dafa abinci a otal sai su nemi haya a wani gari can ƙasa, su riƙa hawowa kullum. Kudancin Tirol, mai mutane rabin miliyan da ɗoriya, tana karɓar kwanan baƙi fiye da miliyan 35 a shekara. A 2022 gwamnatin lardin ta kafa doka ta tsayar da yawan gadajen baƙi a matakin da yake a 2019, ta yadda sabon gado ba zai samu ba sai wani ya fita. An yi ta sukar dokar saboda ƙofofin da aka bari a cikinta, amma ko ba komai hukuma ta furta da bakinta cewa akwai iyaka.

Yadda za a sa iyakar shi ne inda ra'ayoyi suka rabu, kuma ana yawan cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai ƙofar kuɗi, akwai ƙofar adadi. Birnin Venice, da ke yanki ɗaya da Cortina, ya fara karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar yini a Afrilun 2024. Kuɗi sun shigo, amma cunkoso bai ragu yadda za a ce a-zo-a-gani ba, domin wanda ya biya kuɗin jirgi daga wata nahiya ba zai fasa saboda Yuro 5 ba. Idan kuma aka ɗaga kuɗin har ya yi zafi, ba adadi aka rage ba, talaka aka cire. Ƙofar adadi ta fi kusa da adalci. A kwarin Braies, a tsakiyar lokacin zafi ana rufe hanya ga motoci da rana sai wanda ya yi rajista tun da wuri, sauran su zo a bas ko keke ko ƙafa. Makiyayar Alpe di Siusi ta daɗe tana hana motocin baƙi hawa daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma. Hanyar Tre Cime ta haɗa duka biyun: tun 2025 sai an kama gurbi ta intanet, kuma kuɗin mota ya kai Yuro 40. Ni ina ganin gurbin shi ne maganin, Yuro 40 ɗin kuwa tambayarsa ita ce ina yake zuwa. Idan yana gyaran hanyoyin ƙafa da banɗakuna da biyan masu filaye, an yi daidai. Ƙofar manoman Seceda ba mafita ba ce, domin idan kowane mai fili ya kafa tasa, tsaunin zai zama jerin shingaye. Amma buƙatar da ke bayanta halal ce, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ware wani kaso daga kowane tikitin hawa na lokacin zafi ya tafi ga masu filin da ake takawa, sannan a ƙayyade yawan tikitin da za a sayar a yini.

Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a yankin. A Cortina akwai wata daɗaɗɗiyar ƙungiya ta gidajen asalin garin, Regole d'Ampezzo, da ke riƙe da dazuzzuka da makiyayu kimanin hekta 16,000 a matsayin dukiyar gama-gari da ba a sayarwa, ba a rabawa. Mai son ya ratsa wannan ƙasa da hanyar zamiya sai ya nemi amincewar taron magidanta. Tun 1990 ma su ke kula da gandun dajin yankin. Tsarin yana da nasa aibi, don gadon zama memba ta ɓangaren maza ya saba bi, kuma wanda ba ɗan asalin gida ba ne yana waje. Duk da haka ya nuna cewa idan masu ƙasa suka yi magana da murya ɗaya, kamfani yana zama ya saurara. Manomi guda a kan tudunsa ba shi da wannan ƙarfi.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda tikiti yake zaɓa wa baƙo abin da zai gani. Inda igiya ta kai da inda hoto ya yi suna, nan jama'a ke tururuwa. Alhali a cikin garin Ortisei, 'yan taku kaɗan daga inda ake layin hawa Seceda, akwai gidan tarihin kwarin Gardena da ke ajiye da sassaƙar kakanninsu. A San Martin de Tor akwai gidan tarihin al'ummar Ladin a cikin wata tsohuwar ganuwa. A dutsen Lagazuoi akwai ramukan da sojojin Italiya da na Ostiriya suka haƙa tsakanin 1915 da 1917, kowane ɓangare yana neman ya tarwatsa ɗayan daga ƙarƙashin ƙasa, an gyara su ana shiga. Baƙon da ya zo ya koma bai san akwai mutane masu harshensu da tarihinsu a gindin dutsen da ya ɗauka ba, an rage masa abin da ya biya.

Sannan ga yanayi, wanda ba ya jiran a gama muhawara. Tsaunukan Alps sun ɗumama da wajen digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19. Ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangare na daskararriyar ƙanƙarar Marmolada, dutse mafi tsawo a Dolomite, ya ɓalle cikin tsananin zafi ya kashe mutum 11. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta wallafa a 2023 ya duba wuraren zamiya 2,234 a ƙasashen Turai 28, ya gano cewa idan duniya ta ɗumama da digiri 2, kashi 53 cikin ɗari nasu za su shiga mummunan haɗarin ƙarancin ƙanƙara in babu inji, kuma ko da inji ya rufe rabin hanyoyinsu, kashi 27 ba za su tsira daga haɗarin ba. Manyan wurare masu tudu da kuɗi irin na Sellaronda za su daɗe suna jurewa. Waɗanda ke fara faɗuwa su ne ƙananan tuddan ƙauye masu igiya ɗaya ko biyu, inda yaran gari ke koyon wasan da araha bayan an tashi makaranta.

A nan ne zaɓin inda kuɗin jama'a ke tafiya yake da nauyi. Don gasar Olamfik ta hunturu ta 2026 da aka bai wa Milan da Cortina, gwamnatin Italiya ta dage sai an gina sabuwar hanyar tseren keken ƙanƙara a Cortina, a kan kuɗi fiye da Yuro miliyan 100, aka sare ɗaruruwan itatuwa a Fabrairun 2024, duk da cewa kwamitin Olamfik na duniya da kansa ya fi son a yi amfani da wadda ake da ita a maƙwabciyar ƙasa. Irinta da aka gina a Cesana don gasar Olamfik ta Turin ta 2006 an rufe ta a 2011. A ɗaya gefen, Legambiente ta ƙirga wuraren hawa fiye da 200 a faɗin Italiya da aka daina amfani da su. Idan kamfani ya karye, turakun ƙarfe da igiyoyi da bututu suna nan a kan ƙasar manomi ko ta ƙaramar hukuma, waɗanda ba su da kuɗin tumɓuke su. Bai kamata a sake ba da izinin kafa sabuwar mota ko haƙa sabon tafki ba sai an wajabta wa kamfanin ajiye kuɗin rushewa da gyaran filin a wani asusu na daban, ana cirewa daga kowane tikiti tun daga ranar da ya fara sayarwa.